Baba da Mama suna aikin bishara a Nijar: mu dawo da su gida ko mu bar su?

Ɗiyar Malam:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Wata magana ce ta raba kan gidanmu, na ce bari in kawo ta zaure ko akwai wanda ya san hanya.

Babanmu tsohon malamin firamare ne, Mama kuma aikin jinya ta yi har ta ajiye. Dukansu sun haura sittin da biyar. Da suka yi ritaya mun ɗauka za su zauna a Kafanchan su huta cikin jikoki, sai suka ce sun ji kira. Yanzu suna wani ƙauye a jihar Maraɗi, suna taimaka wa wata ƙaramar ikilisiya.

Ga yadda yininsu yake. Kafin ladan ya kira asuba sun tashi, su yi addu'a, su karanta Littafi da hasken tocila. Ruwa daga famfon ƙauye ake kawo shi a amalanke, jarka-jarka, kuma kowace jarka kuɗi ce. Da hantsi Mama tana ƙarƙashin rumfa, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya: mai ƙuna, mai gyambo, uwar da ɗanta ke gudawa. Ba asibiti ta buɗe ba. Wanke ciwo take yi, ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari, abin da ya fi ƙarfinta ta ce maza a kai likita. Da rana tsaka babu mai motsi saboda zafi. Bayan la'asar Baba yana da ajin yaƙi da jahilci, manyan maza da allo da alli. Idan an yi rasuwa ko suna, ajin ya tashi ke nan, can zai tafi ya zauna. Ranar Lahadi masu sujada ba sa cika ɗaki ɗaya.

Matsalar ita ce Baba yana da hawan jini, Mama kuma ciwon suga da gwiwa. Tallafin da ake aika musu da naira ne, kafin ya zama sefa ya narke. Yayanmu ya ce lalle su dawo kafin bazara. Ni kuma duk lokacin da na ji muryar Baba a waya, ban taɓa jin shi da rai haka ba tun da ya bar aji. Me kuke gani?

Babban Yaya:
Tunda ƙanwata ta kawo maganar nan, bari a ji ta bakina. Ni ba na gaba da aikin Ubangiji. Amma ni ne wanda gabana ke faɗuwa duk daren da waya ta yi ƙara. Sassan Madarunfa da Gidan Runji suna fama da 'yan bindigar da ke tsallakowa ta kan iyaka, tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa wannan jihar. An sace Jeff Woodke, Ba'amurke ɗan mishan, a Abalak a 2016, sai 2023 ya fito. An ɗauke Fada Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya, a 2018, ya shekara biyu a hannunsu. Waɗannan suna da ƙasashe masu ƙarfi a bayansu. Babana wa yake da shi? Ni.

Kuma a tuna 2023. Sojoji suka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Idan haka ta sake faruwa alhali maganin Mama ya ƙare fa?

Dattijo Mai Ritaya:
Ɗana, na ji ka, kuma tsoronka na ɗa nagari ne. Amma ka buɗe Farawa 12. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran. Kalibu yana da 85 ya ce a ba shi ƙasar tuddai. Mu da muka taso a ikilisiyoyin Arewa mun san cewa ba Turawa kaɗai suka kai bishara ƙauyuka ba. Tun 1948 aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda daga baya ta zama EMS, sashen aika masu bishara na ECWA, kuma iyayenmu ne suka tafi, da tabarma da fartanya da matansu. Wasunsu can aka binne su. Ba a taɓa cewa kira yana da ranar ritaya ba.

Babban Yaya:
Baba, da girmamawa, a karanta aya ta gaba. Ibrahim ya tafi da Lutu, da dukiyarsa, da bayin da ya samu a Haran. Gari guda ne ya tashi. Iyayena su biyu ne da akwati da jakar magani. Kuma Littafin da ya ba da labarin Ibrahim shi ne ya ce a 1 Timoti 5 'ya'ya su kula da iyayensu.

Nas ta Jos:
Ku bar ni in shiga ta ɓangaren lafiya, don nan ne ake yawan yin sakaci. Hawan jini da suga ba sa hana mutum zama a ƙauye, rashin tsari ne ke hanawa.

Kada maganin da ke hannunsu ya taɓa gaza na wata uku. A rubuta musu ainihin sunan kowane magani a takarda, ba sunan kamfani ba, domin a kantin magani na Nijar kwalayen da Faransanci suke kuma sunayen kamfani sun bambanta da namu. Idan Mama allurar insulin take yi, zafin Afrilu da Mayu a can yana wuce digiri 40, kuma insulin ba ya jure wannan. In babu firji, a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a sa insulin ɗin cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. Dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa ce a Jigawa, kuma tana aiki sosai inda iska take busasshiya.

Baba kuma, idan cikin magungunansa akwai mai sa fitsari, likita ya duba shi kafin bazara. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai dai a ga ya yanke jiki. Gidan sauro dole ne daga Yuli zuwa Oktoba. Na'urar awon jini da ta suga su kasance a gida, a riƙa rubutawa a littafi.

Abin da ya fi damuna ma ƙafar Mama ce. Mai suga da ke yawo da silifa cikin ƙaya da yashi mai zafi, ƙaramin rauni zai iya zama babban abu. Ita da ke wanke gyambon mutane, wa ke duba tafin ƙafarta?

Ɗan Tsibiri:
Gaisuwa daga Nijar. Ni Kirista ne, haifaffen nan, kakana ma Kirista ne. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da ya ɗan sosa mini rai. Ana magana kamar an jefa dattawan nan cikin dajin da babu kowa. Ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo Damagaram tun 1924, ta zo Tsibiri bayan 'yan shekaru. Asibitin Galmi yana aiki tun 1950, asibitin Danja yana nan kusa da Maraɗi, akwai makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye. Muna da fastocinmu da dattawanmu da zumuntar matanmu. Yaya, ka ce babanka ba shi da kowa sai kai. Yana da mu, in dai ikilisiyar da ta aiko shi ta haɗa shi da mu yadda ya kamata.

Sannan ku sani, furfurar nan da kuke gani kamar rauni, a nan ita ce jarinsu. Saurayi mai bishara zai shekara biyar a ƙauye bai zauna tabarma ɗaya da maigari ba. Tsoho kuwa ranar da ya sauka za a shimfiɗa masa. Idan miji da mata sun saɓa, ba wanda zai kai ƙara wurin yaro ɗan shekara talatin, amma za a je wurin wanda ya aurar da 'ya'ya. Mace mai ciki ba za ta buɗe wa budurwa cikinta ba, za ta buɗe wa Mama. Na ga wannan da idona a wurare da yawa.

Game da tsaro, Yaya bai yi ƙarya ba. Amma jihar Maraɗi ba guri ɗaya ba ce. Ƙauyen da ke manne da dajin kan iyaka daban, wanda ke arewa da babbar hanya daban. 'Yar'uwa, ba sai kin faɗi sunan garin a nan ba, kada ma ki faɗa. Ki turo mini a keɓe, in tambayi waɗanda ke kusa.

Ɗiyar Malam:
Na gode ƙwarai ɗan'uwa, na tura maka. Ba a bakin iyaka suke ba. Nas, insulin ɗin ne kuwa, kuma maganar ƙafa ban taɓa tunaninta ba.

Maman Biyu:
Ni tambaya ɗaya gare ni. Wa ya ji kiran, Baba ko Mama?

Ina tambaya ne don na daɗe a zumuntar mata, na ga yadda abin ke tafiya. Namiji ya miƙe a majami'a ya ce Ubangiji ya kira shi, a yi tafi, a ɗora masa hannu. Matar tana gefe tana lissafin tukwane. A can kuma shi yana zaune a inuwa yana koyarwa, ita ce da icce, ita ce da murhu, ita ce da baƙin da ba sa yankewa. Mace mai ciwon gwiwa da ta saba da risho da famfo a tsakar gida, yanzu tana tsugune gaban murhu. Ta bar doya da acca da gwate, ta koma gero safe da yamma, ga suga. Ta bar ƙawayenta na shekara arba'in. Jikokinta suna yaye ba ta gani. A rahoton da ake karantawa a majami'a kuma sunan Baba ne a sama, ita "da iyalinsa".

Ku tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban Baba ba.

Dattijo Mai Ritaya:
Maman Biyu, kin yi tsauri. Akila da Biriskila tare suka yi aiki.

Maman Biyu:
Tare suka yi, Baba, shi ya sa Bulus ya san sunanta, har yakan fara ambatonta kafin mijin. Ni ma abin da nake nema ke nan.

Alhaji na Kasuwar Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, abokin kasuwancina ne ya sa ni a zauren nan tun tuni, ban cika magana ba. Ban san iyayenku ba, amma na san irinsu. A unguwarmu an yi wani tsoho mai bishara daga Najeriya da matarsa. Ba mu bi addininsa ba, shi ma ya sani. Amma babu zaman makokin da ba a gan shi ba, kuma da azumi matarsa ba ta taɓa hura wutar abinci a waje da rana ba, don kunyar maƙwabta. Da Sallah mu kai musu nama, da Kirsimeti su aiko da shinkafa.

Ba zan ɓoye ba, an yi abin kunya a ƙasar nan. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, a 2019 ma an ƙone ɗaya a nan Maraɗi. Mutane da yawa cikinmu ba su ji daɗi ba. Abin da zan ce wa Babban Yaya shi ne, a ƙauye katangar baƙo maƙwabtansa ne. Idan babanka yana zuwa gaisuwar mutuwa kamar yadda ƙanwarka ta ce, in wani abu yana tahowa, kafin ya iso za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ka nemi lambar maigari da ta limamin garin, ka riƙa gaishe su. Wannan zai fi maka amfani da kwana kana kallon waya.

Babban Yaya:
Na gode Alhaji. Wannan shawara ce da zan iya aiki da ita yau.

Fasto a Saminaka:
Ina so in dawo da mu kan kuɗi, domin a ganina nan ne ainihin ciwon yake, kuma laifin ba na tsofaffin ba ne, ba na 'ya'yansu ba ne.

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024. Ma'ana, ikilisiyar da ta yanke wa mai bishara tallafi da naira kafin wannan lokaci, in ba ta sake zama a kai ba, ta rage masa abinci fiye da rabi ba tare da ta sani ba. Kwamiti yana ganin ya aika abin da ya saba aikawa. Wanda ke can shi ne ya san mudu nawa kuɗin ke saye.

Tsofaffi kuma ba sa roƙo. Saurayi zai rubuto wasiƙa ya yi ƙorafi. Wanda ya yi shekara talatin da biyar yana karɓar albashinsa, kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba. Sai ya riƙa cusa fanshonsa cikin aikin, ya sayi alli da littattafai, ya biya wa wani kuɗin mota zuwa asibiti, ya rage nasa maganin. Muna son aika masu ritaya ne don muna ganin ba su da tsada, ba kuɗin makarantar yara, ga fansho. Wannan tunanin bai dace da mu ba. Yohanna ya ce a raka irin waɗannan ta hanyar da ta cancanci Allah. Filibiyawa ba kuɗi kaɗai suka aika wa Bulus ba, sun aika mutum, Abafaroditus, ya je ya gan shi da ido.

Shawarata, a yanke tallafinsu da sefa, ikilisiya ta ɗauki asarar canji. A rubuta wanda zai biya in an kwantar da ɗayansu a asibiti. A sa musu hutun dole a gida lokacin tsananin zafi.

Matashi Mai Tambaya:
Wace ikilisiya ce ta aike su? A faɗa mana mu san inda za mu kai kuka.

Ɗiyar Malam:
A'a ɗan'uwa, ba zan kira suna ba. Ba tonon silili na zo yi ba, kuma mutanen kirki ne, su ma da ƙyar suke tara baikon. Zan kai musu maganar Fasto da kaina.

Ɗan Tsibiri:
Na yi waya. Fastonmu da ke kula da wannan yanki ya san su. Ya ce ɓangaren lafiya lau yake a yanzu, ana zuwa kasuwa ana dawowa. Ya kuma ba ni labarin da ya sa ni murna. Maigari ya ba Baba 'yar gona, shi kuma da zuwansa ya so ya share ta ƙal kamar yadda ake yi a kudancin Kaduna. Ɗalibansa na ajin yamma suka hana shi, suka koya masa sassaben zamani: ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su tashi, a datse sauran. Aikin da Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya fara da manoman Maraɗi ne a 1983, yau ga gawo da kalgo cike da gonakin da a dā suka zama fili. To yanzu da safe su ne malamansa a gona, da yamma shi ne malaminsu a allo. Fasto ya ce tun daga nan ajin ya ƙaru, don mutum ya fi sakin jiki da wanda shi ma ya yarda a koya masa.

Ɗiyar Malam:
Maman Biyu, na bi maganarki. Na kira Mama lokacin da na san Baba yana aji. Na roƙe ta izini in rubuta abin da ta ce, ta yarda.

Ta ce ita ta fara jin kiran, ba Baba ba. Tun tana aiki take ganin matan da ake kawowa daga ƙauye bayan abu ya riga ya ɓaci, tana cewa da akwai wanda ke zaune kusa da su. Shekara biyu tana addu'a kafin Baba ya yarda. Amma ta ce in gaya miki sauran maganarki gaskiya ce. Murhu yana cin gwiwarta. Gero yana tayar mata da suga, sai ta koma yawan cin zogale da wake, kuma wata maƙwabciya ta koya mata kwaɗon da suke yi a can. Ranar da aka yi bikin ɗiyar ƙanwarta ba ta je ba, ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Na ce to ku dawo mana. Ta ce akwai mata uku da ta fara koya wa wanke ciwo da lura da alamun haɗari ga mai ciki, ɗaya ma ta fara karanta Luka da kanta. In ta tafi yanzu, rabin hanya ta bar su. Na ce me kuke bukata? Na zaci za ta ce kuɗi. Ta ce tun da suka je, babu mutum ɗaya daga gida da ya taka ƙafa ya zo ya ga inda suke kwana, ba daga ikilisiya ba, ba daga cikinmu 'ya'yanta ba. Mutanen gari har sun fara tambayarta ko ba ta haihu ba ne.

Maman Biyu:
Allah sarki Mama. Na janye rabin maganata, rabin kuma ina nan a kai. A saya mata murhun gas da kujera mai tsayi, kuma a ɗauki yarinyar da za ta riƙa taya ta aiki a biya ta. Zumuntarmu za ta ɗauki kuɗin murhun.

Babban Yaya:
Maganar haihuwar nan ta shige ni. Zan je. Amma kada a ɗauka na sauka daga matsayina. Zan je in ga wurin, in gaisa da maigari, in duba nisan asibiti da irin motar da ake samu da dare. In na ga abin da bai kwanta mini ba, da su zan dawo, ko Baba ya yi fushi. In ma komai lafiya, Afrilu da Mayu a Kafanchan za su yi su, likita ya gan su, su koma da ruwan farko.

Dattijo Mai Ritaya:
Wannan kuma tsakaninka da mahaifinka ne, ɗana. Sai dai ka je da kunne, kada ka je da hukunci a aljihu.

Alhaji na Kasuwar Maraɗi:
In za ka zo, ka kwana Katsina ka kama hanyar Jibiya da safe, kada ka yi yamma a kanta. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, yanzu ana dubawa sosai a Ɗan Isa tun da ƙasarmu ta fita daga CEDEAO, wato ECOWAS. Kada ka canza kuɗi da yawa a bakin iyaka, ka bari ka shigo gari. Ka kira ni in ka iso tasha, yarona zai kai ka inda motocin ƙauyen suke lodi.

Nas ta Jos:
Insulin ɗin a cikin kula mai ƙanƙara za ka ɗauka, amma ka naɗe shi da tsumma kada ya taɓa ƙanƙarar, in ya daskare ya lalace. Ka haɗa da takalmi rufaffe mai laushi. 'Yar'uwa, lamba nawa Mama take sawa?

Ɗiyar Malam:
39. Yaya, ka tsaya ni ma in nemi hutu a wurin aiki, tare za mu tafi. Acca da busasshiyar citta ni zan kawo.